Satar Shiga a Bugun Fenareti: Yaushe Ake Sakewa, Yaushe Alƙali Ke Kau da Kai?

[Hoto a tsaye: ana shirin buga fenareti, an zagaye ƙafar wani ɗan baya da jan layi]

Kun san wannan hoton. Ana tashi daga wasa zai fara yawo a Facebook da WhatsApp, an zagaye ƙafar wani da ja, a ƙasa an rubuta, "To wannan fa? Ina VAR?" (wato alƙalan da ke duba bidiyo). Mutum uku sun riga sun faɗa yadi 18 kafin a buga, ƙwallo ta shiga, alƙali ya nuna tsakiya abinsa. Mako na zagayowa, a wani wasan, mutum ɗaya tak ya taka layi aka ce a sake bugu. Shi ke nan gidan kallo ya kaure, kowa na rantsuwa an sayi alƙali.

Hoton da ke tsaye rabin magana yake faɗa. Sauran rabin yana cikin daƙiƙa biyu ko uku da suka biyo baya, kuma can za mu daɗe. Amma bari mu fara share fage a gurguje.

[Zanen yadi 18 daga sama]

Doka ta 14 ce, cikin dokokin ƙwallon ƙafa na duniya da hukumar IFAB ke rubutawa. Ƙwallo na kan ɗigo, mita 11 daga layin raga. In ka cire mai bugu da mai tsaron gida, kowa sai ya cika sharaɗi huɗu: yana cikin fili, yana wajen yadi 18, yana bayan ɗigon fenareti, kuma tsakaninsa da ɗigon akwai aƙalla mita 9.15. Wannan baka da kuke gani a bakin akwatin, mai kama da harafin D, aikinsa ke nan kawai, auna wannan tazarar. A 1937 aka ƙara shi, shekara 46 bayan shigowar fenareti kanta a 1891.

Abu biyu da ake yawan tuntuɓe a kansu. Layi na cikin wurin da ya kewaye, don haka wanda ya ɗora tsinin takalminsa a kan farin layin ya shiga. Sannan abin da ya taɓa ƙasa ake dubawa. Ku kalli wannan, ya rankwafo da kai da ƙirji kamar mai jiran a tashi tsere, amma ƙafafunsa na waje. Lafiyarsa lau. A satar gida ne ake lissafa kai da kafaɗa.

Lokacin kuma shi ne sa'ad da aka bugi ƙwallo ta motsa a fili. Usur izini ne ga mai bugu shi kaɗai. Shi ya sa masu ɗan tsalle da masu tafiyar hawainiya kafin su buga suke jefa 'yan baya cikin laifi: an ji usur, an ga ya taso, kowa ya zabura, shi kuwa gogan bai ma iso ba.

To, ga inda gizo ke saƙa.

[A rage gudun hoto]

Tun daga 1 ga Yuli 2024, shiga kawai ba ta isa a hukunta ɗan wasa ba. Sai shigar ta yi tasiri. Kuma doka ba ta bar wa alƙali ya fassara tasiri yadda ya ga dama ba, ta ƙayyade.

Mu fara da ɗan baya, abokin mai tsaron gida. Hanya biyu ce. Ko dai shigarsa ta dagula wa mai bugu lissafi ƙarara, ko kuma bayan an buga ya taɓa ƙwallo, ko ya yi gogayya da abokin hamayya a kanta, har hakan ya hana cin ƙwallo, ko kai hari, ko samar da damar ci.

Ku bi wannan mai lamba 4. Ya riga ya shigo da taku biyu. An buga, gola ya tare, ƙwallo ta dawo tsakiya, shi ne ya riga kowa ya share ta. Me ya sa ya riga kowa? Waɗancan taku biyun da ya sata. Sakewa za a yi, babu gardama.

Mu maido da hoton baya. Shi ɗin dai, ya shigo da taku biyun nan. Gola ya tare, amma ƙwallo ta yi gefen hagu, wani ɗan baya da ya tsaya a waje har aka buga shi ne ya zo ya kwashe. Lamba 4 yana can dama, ko inuwar ƙwallo bai taɓa ba, bai tare kowa ba. A ci gaba da wasa. In aka tsayar da hoto a lokacin bugu, wannan da na farko iri ɗaya ne sak. Hukuncinsu ya sha bamban.

Na uku. Gola ya ture ta ta saman raga. Ko 'yan baya biyar ne suka shigo, kwana ce. Ba abin da shigarsu ta tsinana.

Na huɗun shi ne mai wuyar gani, har alƙalai kan rasa shi. Lamba 4 bai taɓa ƙwallo ba, amma ya sa kafaɗa ya tare ɗan gaban da ke rugowa zai ƙarasa ta cikin raga. Wannan ma tasiri ne. Gogayya a kan ƙwallo tana cikin lissafi ko da ƙafa ba ta kai gare ta ba.

Yanzu a juya. Ɗan gaba, abokin mai bugu, ya saci shiga. Ma'auni ɗaya ne: ko ya dagula wa gola ƙarara, misali ya rugo kafaɗa da kafaɗa da mai bugu har gola ya rasa wa zai kalla, ko kuma ya kai ga ƙwallo, ko ya yi gogayya a kanta, ya ci, ko ya kai hari, ko ya miƙa wa wani damar ci.

Hukuncin fa? Ku riƙe wannan da kyau. In bugun farko ya shiga raga kai tsaye alhali ɗan gaba ya dagula wa gola, sakewa ake yi. In kuwa gola ya tare, sannan wanda ya saci shiga ya zo ya zura ta, babu ƙwallo, babu sakewa. Bugun falan biyu ake ba ƙungiyar gola daga inda aka yi laifin, wato bugun da sai wani ya taɓa kafin ya zama ci. Za ku ga alƙali ya ɗaga hannu ɗaya sama ya riƙe. Fenaretin ta tafi ke nan a banza, saboda zumuɗi. In kuma ɓangarorin biyu duk sun shiga kuma an sami tasiri, a sake.

Kada ku ga kamar mai sauƙi ne, manyan alƙalai sun yi ɓatan kai a daidai nan. A 2005, wasan neman gurbin Kofin Duniya a Tashkent, Uzbekistan ta ci Bahrain fenareti, wani ɗan Uzbekistan ya saci shiga. Maimakon a sake, alƙali Toshimitsu Yoshida na Japan ya ba Bahrain falan biyu. FIFA ta soke wasan kacokan, wasan da Uzbekistan ta ci 1-0, aka sake shi aka tashi 1-1, ƙarshe Bahrain ce ta wuce. A 2015 an maimaita irin kuskuren a Belfast, wasan mata 'yan ƙasa da shekara 19 tsakanin Ingila da Norway. UEFA ta dawo da ƙungiyoyin biyu fili bayan kwana biyar don a buga 'yan daƙiƙun ƙarshe kawai. Leah Williamson ta Ingila ta sake ajiye ƙwallo a ɗigo, ta ci.

Me ya sa aka sauya dokar? A rubuce, tsohuwar doka cewa ta yi duk wanda ya shiga a hukunta. Kuna son ganin abin da ke faruwa in alƙali ya bi ta harafi da harafi? Gasar Olamfik ta 2004 a Girka, wasan Tunisiya da ƙasar Sabiya-da-Montenegro. Sau shida Mohamed Jedidi na Tunisiya ya buga fenareti ɗaya. Wannan a ce 'yan Tunisiya ne suka shiga, wancan a ce abokan hamayya. Ku kalli fuskokinsu a bugu na biyar. Yawancin alƙalai ba sa son irin wannan wasan kwaikwayo, sai suka riƙa kau da kai, da VAR ta zo ita ma tasiri kawai take dubawa. IFAB dai ta rubuta abin da aka daɗe ana yi. A ganina gyaran ya yi daidai, ko da yake ya koya wa 'yan wasa caca: ka shiga, in ƙwallo ba ta zo wajenka ba ka ci bulus.

Wa ke kallon wa? Alƙali na tsayawa a gefe inda zai ga mai bugu da masu jiran tsammani a bakin layi. Mataimakinsa yawanci na tsaye a mahaɗar layin raga da layin yadi 18, idonsa a ƙafar gola da kuma ko ƙwallo ta tsallaka. Alƙali mutum ɗaya ne, ido biyu, ga mutane fiye da goma suna zabura lokaci guda. Shi ya sa kafin ya busa za ku ga ya bi su yana nuna layi da yatsa.

Gola kuma nasa sharaɗin daban ne. Lokacin da aka buga, wani sashe na ƙafarsa ɗaya ya kasance a kan layin raga, ko saitinsa in ya yi tsalle, ko bayansa. In ya fito da ƙafa biyu ya tare, sakewa ce kai tsaye, ba a neman wani tasiri, tarewar ita ce tasirin. Karon farko jan kunne ne da baki, in ya ƙara sai katin gargaɗi.

[Faransa da Najeriya, Rennes, 17 ga Yuni 2019]

Wannan kam 'yan Najeriya ba su manta ba. Kofin Duniya na mata. Wendie Renard ta Faransa ta buga fenareti, ƙwallo ta daki turke ta fita. Murna ta koma ciki, don VAR ta ce golar Najeriya Chiamaka Nnadozie, lokacin tana da shekara 18, ta baro layi. Aka ba ta katin gargaɗi, aka sake, Renard ta ci, Faransa ta yi nasara 1-0. A tsayar da hoton bugu na biyu. Ga 'yan Faransa nan sun riga sun kutso, kuma wannan hoton ne ya karaɗe ko'ina a lokacin.

Mu auna shi da dokar yau. 'Yan Faransar da suka shiga ba su taɓa ƙwallo ba, ba su shiga gaban Nnadozie ba, ƙwallo ta wuce raga kai tsaye. Ci ne. Amma da wuya a ma kai ga bugu na biyun. Tun gyaran 2020, in ƙwallo ta fita waje ko ta daki ƙarfe ba tare da gola ya taɓa ba, ba a sakewa sai in fitowar golan ta dagula wa mai bugu ƙarara. Ku sake kallon bugun farko a hankali: Nnadozie ta ɗan matso, Renard ta buga, turke, waje. A yau Nnadozie za ta ɗauko ƙwallonta ne ta ajiye a yadi 6 ta buga, babu kati, allo na nuna 0-0.