Darasi: Yadda Ake Hasashen Ginin da LEGO Ideas Zai Ɗauka

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da sake haɗuwa. Yau ba gini za mu yi ba, ku mayar da tubalanku cikin akwati, ku ɗauko takarda da biro. Hasashe za mu koya: idan jerin gine-ginen da suka kai matakin tantancewa ya fito a LEGO Ideas, shafin da masoya suke ɗora ginin da suka ƙera don kamfanin LEGO ya mayar da shi saiti, yaya mutum zai duba ya ce wannan zai zama saiti a kanti, wancan kuwa ba inda za shi.

Tsarin kun san shi, ba zan daɗe a kai ba. Mutum ya ƙera abinsa ya ɗora, ya nemi magoya baya 10,000. Ana ba shi kwana 60 ya samu 100 na farko, sai a ƙara masa shekara guda, in ya kai 1,000 a ƙara wata shida, in ya kai 5,000 a sake ƙara wata shida. Sau uku a shekara ake rufe jeri, a Janairu da Mayu da Satumba, sai a miƙa wa masu tantancewa a Billund, hedkwatar kamfanin LEGO can ƙasar Denmak. Wanda aka ɗauka yana samun kashi 1 cikin 100 na cinikin saitin da kwafi 10 kyauta.

To, abin da nake so ya zauna muku tun yanzu shi ne, ƙuri'a 10,000 ɗin nan ƙofa kawai take buɗewa. Da zarar gini ya shiga jeri, wanda ya cika a kwana uku da wanda ya yi shekara biyu yana rarrafe duk ɗaya ne a teburin. Mutane suna yawan kawo misalin ginin wasan kwamfuta na Minecraft, wai ai a awa 48 ya cika kuma aka yi shi a 2012. Gaskiya ne, amma lokacin tsarin yana jariri, sunansa ma Cuusoo, jerin bai wuce a ƙirga da yatsu ba. Zagayen farko na 2021 gini 57 ne suka shiga, na farkon 2023 kuma 71. Wanda ake ɗauka a zagaye yawanci 'yan ƙalilan ne, an ma taɓa yin zagayen da ba a ɗauki ko ɗaya ba. Saboda haka aikinmu tankaɗe ne, za mu riƙa zubar da dusa har sai 'yan kaɗan sun rage a hannu.

Fara da na sauƙi. Siyasa, addini, giya, taba, jini, kayan yaƙin zamani, duk dokar shafin ta hana, kuma yawancinsu tun kafin su hau ake tare su. Wanda ya sulale ya shiga saboda fim ɗin da aka ciro shi na manya ne zalla, sa masa alamar tambaya. A 2012 an ƙi ginin wata mashaya daga wani fim na gawawwaki masu tafiya duk da ya cika ƙuri'unsa, dalilin ke nan. Amma a lura, wannan layin ya ɗan sassauta, tunda a 2024 an fitar da saitin Jaws, fim ɗin kifin shark mai cin mutane. Kada ka yanke da sauri a nan.

Sai lasisi, kuma nan ne rabin jerin yake zubewa. Duk ginin da ya dogara da fim, ko wasan kwamfuta, ko motar wani kamfani, sai mai abin ya yarda an zauna an yi ciniki. Tambayar farko, waye mai shi, kuma ya riga ya sayar wa wani kamfanin tubali haƙƙin? Idan ka shiga kanti ka ga abin a kwalin abokin hamayya, ja masa layi. An taɓa sauke wani gini na My Little Pony don mallakin Hasbro ne, wani kamfanin kayan wasa abokin hamayya. Ko da yake, a 2022 an ga LEGO da Hasbro sun haɗu sun fitar da Optimus Prime na Transformers, wato ƙofar da ta rufu jiya tana iya buɗewa, amma ba da ita za ka yi lissafi ba.

Tambaya ta biyu ta fi wuya, kuma ita ce take kayar da masu hasashe. Shin kamfanin da kansa yana kan yin abin a ɓoye? Duba tarihi. An ƙi motar Sandcrawler ta fim ɗin Star Wars, a 2014 sai ga nasu ya fito. An ƙi jirgin Helicarrier na Avengers, a 2015 sai ga shi. An ƙi gidan 'yan kwana-kwana na Ghostbusters, a 2016 sai ga shi da lamba 75827. Wasan kwamfuta na Zelda kuwa ya sha cika 10,000 ana mayar da shi, ƙarshe a 2024 aka fitar da babbar bishiyar nan mai tubali 2,500, ba ta hanyar Ideas ba. Abin da wannan yake koya mana, idan abu ya yi farin jini har kowa yana cewa ai dole a yi shi, to mai yiwuwa wani a Billund ya riga ka tunani, domin su shekara biyu ko fiye suke tsara kayansu gaba. Ni a wurina yawan farin jini a irin wannan wajen alamar haɗari ce ga mai ginin.

Lasisin da yake wucewa salin alin shi ne wanda mai shi yake ganin saitin talla ne a gare shi. Kyamarar Polaroid, jitar Fender, zanen Van Gogh na dare mai taurari da aka yi tare da gidan adana zane na MoMA a New York. Kayan NASA ma haka, an yi Curiosity, an yi Saturn V, an yi Matan NASA, an yi tashar sararin samaniya. Sai dai sashen Icons, wato layin saitin manya na kamfanin, yanzu yana fitar da nasa kayan samaniya, don haka ko nan ka rage buri. Mafi kwanciyar hankali shi ne ginin da babu mai shi sai wanda ya ƙera: tafireta, taswirar duniya mai juyawa, jirgin ruwa a kwalba, gidan bishiya, kyanwa baƙa da fari.

Yanzu mu zo wajen da nake so mu daɗe, wato ko ginin zai tsaya da ƙafarsa. Yawancin hotunan da kuke gani a shafin ba tubali ba ne na gaske, a manhajar Studio aka haɗa aka ɗauki hoto. A kwamfuta babu nauyi, babu abin da yake faɗuwa. Sai ka ga an rataya reshe mai tubali 300 a jikin ƙululu biyu, wato 'yan tsirin nan na saman tubali, hoton ya yi kyau, a zahiri kuwa kana sakin hannu zai zube. Abu na farko, duba ko mai ginin ya sa hoton da ya ɗauka a kan tebur, ko bidiyon da ya ɗaga abin ya juya shi. Idan akwai, ƙara masa maki.

In babu, ƙara girman hoton ka bi mahaɗai. Bari in maimaita lissafin, na san da yawa sun sani amma a nan ake tuntuɓe. Daga tsakiyar ƙululu zuwa na kusa da shi milimita 8 ne. Tsayin tubali 9.6, falle, wato siririn tubali, kuma 3.2, shi ya sa falle uku suke ba da tubali ɗaya. Idan ka kwantar da gini a gefe, falle biyar su ne daidai da ƙululu biyu, 16 da 16. Duk inda ka ga bango ya juya gefe ya koma ya haɗu da na tsaye, ƙirga. Idan lissafin bai faɗa kan biyar-biyar ɗin nan ba, ko dai akwai giɓi, ko an matse tubali da ƙarfi. A hoton kwamfuta ma wani lokaci tubalin yana shiga cikin ɗan uwansa ba ka lura ba.

Matsewar nan ita ce abin da masu zanen kamfanin ba sa yarda da shi sam. Falle da aka cusa a tsaye tsakanin ƙululu biyu, ko ƙusar Technic, wato 'yar ƙusar roba da ake sawa a hudar tubali, da ba ta shige har ta yi ƙas ba ta zauna a matse, ko tubali mai huda da aka haɗa da mai ƙululu a gefe, tunda tsayin hudar da na ƙululun sun ɗan saɓa da ƙyar. Yau zai riƙe, bayan watanni robar ta gaji ta tsage ko ta saki. Har tanda suke saka samfuri su gasa don su ga inda zai saki, kuma mu da muke zaune a zafi mun fi kowa sanin amfanin wannan gwajin. To amma ku fahimce ni, haɗi ɗaya ko biyu na haram ba ya kashe gini, domin duk wanda aka ɗauka sai mai zanen kamfani ya sake gina shi daga tushe. Tambayar ita ce, idan aka cire dabarar, kyan yana nan? Idan duk abin da ya ja ƙuri'a lanƙwasa ce da aka samu ta hanyar matse tubali, ja layi.

Ku duba yadda ake sauyawa. Teburin ƙwallon ƙafa, wanda ta gasa ya zo ba ta 10,000 ba, an rage shi ya koma 'yan wasa biyar-biyar don dogayen sandunan ba sa jure bugu. Jirgin ƙasan Orient Express na 2023 kansa ya ƙanƙance, launinsa ya tashi daga kore ya koma shuɗi, ya dace da layin dogon kamfanin, masu ƙuri'a da yawa suka yi ta ƙorafi. Saboda haka lokacin hasashe, ka ƙaddara ginin an rage masa kwata ka ga ko har yanzu za ka saya.

Launi ma a duba. Dokar ta ce ba a yin sabon zubi saboda Ideas, da tubalan da ake da su za ka yi aiki. Sake launi ana yi, amma kowane saiti yana da iyakar sababbin launuka da bugun zane da aka ware masa. Idan kana son tabbatarwa, ɗauko tubalin a Studio ka sa masa launin, in ba a taɓa yin sa haka ba za ka ga alamar gargaɗi. Gini mai buƙatar irin wannan guda talatin, ko 'yan mutum-mutumi goma sha biyar kowanne da kansa na musamman, ya yi wa kansa nauyi. Studio kyauta ne, wanda bai sauke ba ya sauke, kuma ku danna alamar bibiya a ƙasa don darasinmu na gaba a kansa yake.

Sai kuɗi. Da iyakar tubali 3,000 ce, daga baya aka ɗaga zuwa 5,000, sai mutane suka ɗauka girma shi ne nasara. Kiyasin da aka saba shi ne kusan santi 10 na dala kowane tubali. Saturn V mai 1,969 ya fito a dala 120, babbar fiyano mai 3,662 da injinta ta fito a dala 350. Gini mai 4,800 kenan yana neman wajen dala 400 ko sama, kuma kantin ba ya ɗaukar irin wannan da yawa a shekara guda. Idan manya biyar suna jeri ɗaya, junansu suke ci. Mai 500 zuwa 2,000 da wuya ya rasa gurbi.

Da wannan, ga yadda nake ganin kowane jeri zai kasance. Gidajen titi masu haɗuwa da juna, waɗanda kullum suke cika jerin, kusan duk za su faɗi, don tun 2007 kamfanin yake da nasa layin. Lambun furannin nan mai lamba 21353 ya wuce, amma shi gilashinsa da shuke-shukensa ne suka sayar da shi. Fadoji da 'yan fashin teku, an riga an ba su maƙera ta zamanin da a 2021 da tsibirin Barracuda a 2020, kuma masu irin wannan gini yanzu sun fi samun shiga a shirin BrickLink, kasuwar tubali ta intanet mallakin LEGO, inda odar mutum 3,000 ta isa a buga saiti. Gidan wasan kwaikwayon talabijin kuma, mai kujeru da 'yan mutum-mutumi, yana da dama idan ba a yi irinsa kwanan nan ba. Inda nake sa kuɗina shi ne abin ajiya na falo wanda ko wanda bai taɓa riƙe tubali ba zai gane daga nesa, musamman in yana motsi, kamar yadda maɓallan tafiretar nan suke dannuwa mariƙin takardar ya riƙa tafiya. Dabba guda da aka gina da girma ita ma tana cikin wannan sahun.

Wanda aka ce an ajiye shi a jerin jira, kada ka ƙirga shi a faɗuwa ko a nasara. Yawanci ana kan maganar lasisi ne. Voltron, mutum-mutumin wani katun, ya jira kuma ya fito a 2018. Ita kuwa tashar sararin samaniya ƙin ta aka yi, sai ƙuri'ar masoya ta dawo da ita ta fito a 2020 da tubali 864.

A takardarka kada ka bar fiye da uku: ɗaya mai lasisi mai sauƙi, ɗaya wanda babu lasisi a kansa, na ukun kuma wanda zuciyarka take so ko da lissafi bai ba shi ba. Rubuta dalili a gaban kowanne da kwanan wata, don sakamakon yakan ɗauki watanni, saitin kansa kuma shekara guda ko fiye kafin ya iso kanti. Ku turo mana ukunku mu gani. A darasi na gaba za mu buɗe Studio mu kwaikwayi reshen bishiya, mu gwada ƙululu nawa yake buƙata kafin ya daina faɗuwa. Sai mun haɗu, a huta lafiya.