Darasi: Kunun da Kike Ba Ƙaninki

Assalamu alaikum, 'yan matana da samarina na Katsina da kewaye, barkanmu da war haka. Yau da ku nake, domin a gidaje da yawa ku ke goyon ƙanne, ku ke riƙe da cokalinsu in Inna tana daka ko tana bakin murhu.

To, ga kofi biyu a gabana. Na farko kunun gero ne tsululu. Kun ji na karkata cokali ya tsiyaye kamar ruwa? Cikin ɗan wata 7 ɗan mitsitsi ne, in kika cika shi da wannan, ruwa ya sha. Haka tamowa ke shigowa a hankali, musamman da damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma zazzaɓi da gudawa suka yi yawa.

Na biyun shi ma geron ne, amma an soya waken suya da gyaɗa sama-sama, an niƙa tare. Da na dama sai na sa ɗan manja da garin zogale. Yana da kauri, yana kama cokali. Daga wata 6 zuwa 8 a ba shi sau 2 ko 3 a rana, daga wata 9 sau 3 ko 4, nono kuma na nan har shekara 2. Kafin wata 6 kuwa nono zalla, ko ruwa kada ki ɗura masa, komai zafin bazara.

Kuma don Allah ku ba shi kwanonsa shi kaɗai. Na sha ganin yaro a tsakiyar yayyensa, kafin ya kai loma biyu an suɗe kwano. Maganar wai ƙwai na sa yaro sata, ba gaskiya ba ce. Ki gaya wa Kaka cikin ladabi, ki dafa, ki marmasa masa. Hannunki da nasa a wanke da sabulu tukuna.

Samari, ku ma da aikinku. Akwai awon dantse da ma'aikatan lafiya ke yi wa yara daga wata 6 zuwa shekara 5, da wani ɗan tef mai launuka da ake zagaya dantsen da shi. In awon ya tsaya a kore lafiya, rawaya a yi hattara, ja kuwa ƙasa da santimita 11.5 ke nan, sai asibiti a ranar. Kai kuma a gida, ka danna bayan ƙafafun ƙaninka biyu da babban yatsa, ka ƙirga uku. In wurin ya lotsa bai taso ba, wannan kumburi ne, ba ƙiba ba, ka gaya wa Baba a tafi da shi.

In an ba shi abincin tamowa, wannan mai gyaɗa na cikin leda, na san yana da daɗi, amma magani ne, an ƙirga shi daidai da nauyinsa. Kada a lasa, kada a raba, kada a kai kasuwa.