Ya Faɗa, Mu Ne Ba Mu Ji Ba

Malam Shugaba, a yi mini haƙuri, rahoton walwala zai ɗan jira. Akwai abin da ya tokare mini ƙirji, in ban sauke shi ba, ba zan iya tsayawa karanta lissafin shinkafa da kujeru ba.

Wani ɗan'uwanmu ne. Ba zan kama suna ba, kuma don Allah a daina waige-waige, ba ya cikin ɗakin nan. An soke lasisin kamfanin kula da tsofaffi da ya ɗauki nauyin bizarsa. Waɗanda suka shigo Ingila ta wannan hanya sun san abin da ke biyo baya. Ma'aikatar Cikin Gida za ta aiko maka da wasiƙa, ta ba ka kwana 60, ko dai ka samu wani kamfani mai lasisi ya ɗauke ka, ko ka tattara komatsanka. Ba shi kaɗai ba ne, gwamnati da kanta ta ce daga Yulin 2022 zuwa Disambar 2024 ta soke lasisi sama da 470 a wannan fanni. Tasa wasiƙar ta zo, kwanakin sun ci fiye da rabi kafin labari ya iso kwamitinmu. Kuma ta bakin wa? Ta bakin wata tsohuwar Baturiya maƙwabciyarsa, da ta lura fitilar ɗakinsa ba ta mutuwa har asuba. Ta kira shi, ta haɗa masa shayi, ta yi shiru ya amayar da abin da ke cikinsa, sannan ta nemo ɗaya daga cikinmu.

Kada wani ya ce ai bai faɗa ba. Wallahi ya faɗa. A taron watan jiya, a bakin ƙofar can, an ce masa ya aiki, ya ce aikin dai ya ɗan tsaya, sai addu'a. Iyayena da ke nan gaba, ku gaya mini, a Kano ko Katsina ko Maraɗi, magidanci ya furta haka, ai sai a ja shi gefe. Bahaushe ba ya buɗe cikinsa a tsakiyar jama'a, bakin zaren kawai yake miƙo maka ya ga ko za ka ja. Me aka ce masa? Wani ya ce ai kowa haka yake, ni ma an rage mini awoyi. Wani ya ce Allah ya kawo sauƙi, idonsa na kan waya. Sai hira ta koma kan canjin fam da naira.

Bai haƙura ba, ya saka saƙon murya a zaurenmu na WhatsApp. Na koma na duba. Saƙon yana nan a binne, ƙarƙashin musun Kwankwasiyya da Gandujiyya da aka kwana ana yi. Mutane suna Manchesta, sanyi na dukansu, ba su da ƙuri'a a akwatin unguwar da suke wa faɗa, amma suna da awa uku ta cacar baki, ba su da minti biyu na sauraron ɗan'uwansu. Haba jama'a!

Akwai kuma masu saurin fatawa. Mutum bai kai ƙarshen zancensa ba, an tare shi da "ai abin da za ka yi shi ne kaza, haka ƙanen matata ya yi." Ƙanen matarka ya zo ne a 2022, lokacin da aka buɗe wa masu aikin kula da tsofaffi ƙofa. Tun 11 ga Maris 2024 aka hana sababbin masu wannan aiki zuwa da iyali, ranar 22 ga Yuli 2025 kuma aka rufe ɗauko su daga waje gaba ɗaya. Dokar da ka sani ta tsufa. In ba ka tsaya ka ji ranar da wasiƙarsa ta zo da irin bizar da ke hannunsa ba, shawararka na iya jefa shi rami.

Malamanmu suna nan, su gyara mini in na kauce. Lokacin da Utba ɗan Rabi'a ya zo wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da tayin dukiya da mulki don ya bar kiransa, Annabi bai katse shi ba. Sai da ya kai aya, sannan ya tambaye shi ko ya gama, kana ya karanta masa farkon Suratu Fussilat. Abokin gaba ke nan aka saurara har ƙarshe. To ina ga wanda muke sahu ɗaya da shi ranar Juma'a?

Abin da ya fi ƙona mini rai, mu ne fa muka gaji zaure. Mun tashi muna ganin dattijo a kan buzu bayan sallar isha'i, mai damuwa ya zo ya yi ta kewaye-kewaye, tsoho na jan carbi yana cewa "to, ina jinka," har gaskiyar maganar ta fito da kanta. Ina kewar wannan, wallahi. A ƙasar nan sai da wani limamin coci, Chad Varah, ya kafa Samaritans, ƙungiyar sauraron masu damuwa, a Landan a 1953, ya kuma lura cewa masu jiran ganinsa da yawa suna samun sauƙi tun a wurin 'yan sa-kai masu ba su shayi suna sauraronsu. Har yau lambarsu 116 123 kyauta ce, dare da rana, ku ajiye ta. Amma a ce ɗan Hausa ya rasa kunnen Bahaushe a garin da muke da ƙungiya?

Na san me ke hana wasu magana. Ka faɗa wa mutum ɗaya a nan, kafin ka isa tashar bas an kira mahaifiyarka a gida ana yi mata jaje. Hajiyoyi, Alhazai, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Wanda ya ji sirrin ɗan'uwa ya yaɗa, shi ya rufe bakin goma masu zuwa.

Rahoto a gurguje: an yi suna biyu, an je. Mara lafiyarmu an sallamo ta, da sauƙi. Kuɗin wata-wata da yawanku ba ku biya ba, kun san kanku, ma'aji na bakin ƙofa da littafinsa. Maganar walimar Sallah sai zama na gaba.

Shi ɗan'uwan nan kwanakinsa na tafiya, yau ma ɗaya ta fita muna zaune. Mun haɗa shi da lauya mai rajista, abin da ya rage shi ne kamfani mai lasisi. Duk mai aiki a gidan kula da tsofaffi, ko wanda manajansa ke jin maganarsa, ya same ni a bayan ɗaki da an shafa fatiha, kafin a buɗe kulolin abinci, don na san halinku in aka buɗe. Kuɗin hayarsa na watan nan kuma, Malam Shugaba, ina roƙon a fitar daga asusun gaggawa, a kaɗa ƙuri'a a kai yanzu, tun mutane ba su fara sulalewa zuwa aikin kwana ba.