Tsirran gindin itatuwa: yadda ake samun ganye mai kyau da 'ya'ya

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da haɗuwa. Yau za mu tattauna ne kan tsirran ado da ke rayuwa a inuwar manyan itatuwa shekara da shekaru, waɗanda samansu kan bushe amma saiwarsu na nan da rai. Yawancinsu daga dazuzzukan ƙasashe masu sanyi suka fito, wato gabashin Amurka ta Arewa da Sin da tsaunukan Himalaya, kuma sai sun sha sanyin hunturu suke tohowa da ƙarfi.

Mu fara da ƙasa. Abincinsu a daji ruɓaɓɓen ganye ne, don haka ku shimfiɗa shi kaurin santimita 5 duk kaka, amma kada ya danne kan tsiron. Suna son laima, ba sa son kwanciyar ruwa. Ɗaya daga cikin tsirran nan, Arisaema, yana da kai a cikin ƙasa mai kama da ƙaramin dankali, wanda in ya kwana cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa da sanyi ruɓewa yake yi. A binne shi zurfin santimita 10 zuwa 15, a zuba masa tsakuwa ƙanana a gindin ramin.

Wanda zan daɗe a kansa shi ne Podophyllum peltatum, mai ganye kamar buɗaɗɗiyar lema. Mutane kan yi kuka cewa ya cika waje amma babu ɗa ko ɗaya. Dalili biyu ne. Karan da ke da ganye ɗaya ba ya fure, sai mai ganye biyu, kuma furen a mararrabar ganyen yake fitowa, a ɓoye. Na biyu, da saiwa yake yaɗuwa, saboda haka duk abin da kuke gani tsiro ɗaya ne, shi kuwa da wuya ya ɗauki ɗa da garin furensa. Ku samo wani daga wata zuriya daban ku dasa kusa, tazarar santimita 60.

In 'ya'ya kuke so, Actaea pachypoda ya fi kowa a ganina: farare fat, kowanne da baƙin ɗigo, a kan jan sili. Sai dai, don Allah, guba ne. Haka jajayen 'ya'yan Arisaema. Inda yara ke wasa, kada a dasa.

Sai iri. Ku sa safar hannu, ku wanke naman ɗan tas, domin yana hana tsirowa, sannan a shuka tun bai bushe ba. In ba za a shuka a waje ba, a gauraya da yashi mai danshi a ajiye a firiji wata 3. Kada ku zubar da tukunya don shekarar farko ba ku ga komai ba. Irin Actaea yakan fara jefa saiwa, ganye sai shekara ta biyu.

Dodon koɗi kuwa sabon toho yake bi, cikin dare. Ku fita da tocila ku tsince shi tun ganyen bai buɗe ba, don ramin da ya huda lokacin da ganyen ke naɗe yana nan har ganyen ya bushe.