Yadda Ake Shirya Gasar Lig ta Wasan Bolin a Katsina da Yadda Ake Fafatawa a Cikinta

Assalamu alaikum, masu kallonmu na Katsina ta Dikko ɗakin kara da sauran garuruwan da ke kewaye da ita. Da yawa daga cikinku sun ga wasan bolin a talabijin, wasu kuma sun taɓa jefa ƙwallonsa a wuraren shaƙatawa na Abuja ko Legas. Sai dai jifa na yini ɗaya don nishaɗi daban yake da gasar lig, wadda ƙungiyoyi ke haɗuwa duk mako har tsawon watanni, ana rubuta makin kowa, ana kuma fitar da zakara a ƙarshe. A wannan bidiyo za mu bayyana yadda ake kafa irin wannan gasa a garinmu, kuma za mu fi tsayawa a kan abin da ke riƙe ta, wato lissafi na gaskiya wanda zai sa gwani da ɗan koyo su shiga fage ɗaya, kowannensu yana da dalilin dawowa mako mai zuwa.

Bari mu fara da filin wasan, kamar yadda kuke ganinsa a allo. Layin da ƙwallo ke gangarawa a kai yana da tsawon ƙafa 60, wato mita 18.29, daga layin iyaka zuwa kwalbar farko, faɗinsa kuma ya ɗara mita ɗaya da kaɗan, kuma akwai kwata a kowane gefensa wadda ƙwallon da ya kauce ke faɗawa. A can ƙarshen layin ana jera kwalaben katako guda 10 a siffar dala, ɗaya a gaba, biyu a bayanta, sannan uku, sannan huɗu. Kowace kwalba tana da tsayin santimita 38 da nauyin kimanin kilo ɗaya da rabi, kuma tazarar da ke tsakanin tsakiyar kwalba da ta maƙwabciyarta inci 12 ce. Ƙwallon yana da ramukan yatsu, kuma doka ba ta yarda nauyinsa ya wuce laba 16 ba, wato kilo 7.26.

Wasa ɗaya yana da gidaje 10, kuma a kowane gida ɗan wasa yana da jifa biyu. Idan ya zubar da kwalabe goman duka a jifan farko, ya yi sitiraik, ana sa masa alamar X, kuma makin wannan gida shi ne 10 tare da abin da ya zubar a jifa biyun da ke biye. Idan kuwa sai a jifa na biyu ya ƙarasa su, ya yi sifeya, makinsa 10 tare da abin da jifa ɗaya mai zuwa ya kawo. A ce mutum ya yi sitiraik a gidan farko, a gida na biyu ya zubar da 7 sannan 2. Gidan farko zai zama 19, na biyu 9, jimilla 28. A gida na goma ana ƙara wa wanda ya yi sitiraik jifa biyu, wanda ya yi sifeya kuma jifa ɗaya, shi ya sa mafi girman maki a wasa ɗaya shi ne 300, kuma ba a samunsa sai da sitiraik 12 a jere.

Batun wuri shi ne farkon abin da masu shirya gasa za su warware. Ɗakin bolin na zamani yana da injin da ke jera kwalabe ya kuma dawo da ƙwallo, da kwamfutar da ke lissafin maki, kuma duk waɗannan suna buƙatar wutar lantarki wadda ba ta yankewa, saboda haka duk wanda zai zuba jari a kansa a Katsina dole ya sa janareta ko sola a cikin kasafinsa tun daga farko. Amma kada rashin inji ya hana kowa farawa. An kafa babbar ƙungiyar da ta daidaita dokokin wasan a birnin New York na Amurka a shekarar 1895, kuma fiye da shekara 50 bayan haka yara ne ke tsayawa a ƙarshen layi suna jera kwalabe da hannu, domin injin bai yaɗu ba sai a shekarun 1950. Daɓen siminti mai santsi wanda magini ya daidaita shi da ma'auni, da kwalaben da kafinta ya sassaƙa bisa awon da muka ambata, da samari biyu masu jerawa, sun isa a gudanar da gasar unguwa. Sharaɗin kawai shi ne a yi ta a ƙarƙashin rufi, a kuma share layin kafin kowane wasa, domin ƙurar hunturu tana canza tafiyar ƙwallo.

Daga nan sai ƙungiyoyi. A ganinmu, ƙungiya 6 masu mutum huɗu-huɗu sun dace da gasar da ke farawa, kuma abu mafi sauƙi shi ne kowace ta fito daga unguwa ɗaya ko wurin aiki ɗaya, a ce 'yan Ƙofar Ƙaura, da 'yan Ƙofar Marusa, da na Ƙofar Sauri, da na Rafin Daɗi, da wata ta ɗaliban jami'a, da wata ta 'yan kasuwa. Da ƙungiya 6, kowace za ta haɗu da sauran biyar a cikin mako 5, kuma idan aka maimaita zagayen sau uku, kakar wasa ta zama mako 15. A kowace haɗuwa ana buga wasa uku, wanda ya ci wasa yana samun maki ɗaya a teburin gasa, sannan akwai maki na huɗu ga ƙungiyar da jimillarta ta fi yawa a wasannin uku, ta yadda ko an ci ƙungiya sau biyu, ba za ta saki jiki a wasa na uku ba. Irin wannan haɗuwa takan ci sa'a biyu ko fiye, don haka bayan sallar isha'i ya fi dacewa da ita a kan tsakanin la'asar da magariba. A kuma duba kalanda da kyau, kada kakar ta faɗa cikin watan azumi ko makon hawan sallah, lokacin da hankalin gari ke wani wuri.

Yanzu mun zo kan abin da ya fi komai muhimmanci. A kowace gasa za a samu wanda ya saba da wasan yana buga 170, da wanda jiya ya fara yana fama da 110. Idan aka bar su haka, ƙungiyar da ta tara gwanaye za ta lashe kowace haɗuwa, kuma kafin mako na biyar sauran sun daina zuwa. Maganin da masu wannan wasa suka daɗe da samowa shi ne makin tallafi, wanda ake ƙara wa kowane ɗan wasa gwargwadon matsakaicin makinsa. Ana samun matsakaicin ne ta hanyar tara duk makin da mutum ya ci, a raba shi da yawan wasannin da ya buga, a watsar da abin da ya yi saura. Sannan gasar ta zaɓi wata lamba wadda ta fi matsakaicin gwanin gwanayenta, a ce 200, ta kuma zaɓi kaso, a ce 90 cikin 100.

Ku dubi lissafin a allo. Mai matsakaicin 110 yana da giɓin 90 tsakaninsa da 200, kuma kashi 90 cikin 100 na wannan giɓi shi ne 81, wanda za a ƙara masa a kowane wasa. Mai matsakaicin 170 giɓinsa 30 ne, tallafinsa kuma 27. Idan kowannensu ya buga daidai yadda ya saba, ɗan koyo zai tashi da 191, gwani da 197, ke nan gwaninta ba ta faɗi a banza ba. Amma ranar da ɗan koyo ya yi ƙoƙari ya buga 125, jimillarsa ta zama 206, kuma ya doke gwanin da ya tsaya a 170. Wannan shi ne adalcin tsarin, domin yana saka wa wanda ya wuce abin da aka san shi da shi, kuma shi ne dalilin da ya sa dattijo mai shekara 60 da ɗansa za su iya zama a ƙungiya ɗaya ba tare da ɗayansu ya zama nauyi ga ɗayan ba. Ana sake lissafa matsakaicin kowa duk mako, saboda haka wanda hannunsa ke faɗawa, tallafinsa yana raguwa da kansa.

Tsarin yana da kafa ɗaya wadda ya kamata a toshe tun wuri. Akwai wanda zai riƙa ɓata jifa da gangan a makonnin farko, ko a wasan da ya ga an riga an ci, domin matsakaicinsa ya zauna a ƙasa, ya tara tallafi mai yawa ya yi amfani da shi a wasannin ƙarshe. Wannan ha'inci ne, kuma ya kamata dokar gasa ta ambace shi da sunansa, ta ba kwamitin kyaftin-kyaftin ikon gyara matsakaicin wanda aka kama ko dakatar da shi. A nan ne darajar sakatare ke fitowa, domin shi ne ke karɓar takardar maki wadda kyaftin biyu suka sa wa hannu, ya fitar da teburi da matsakaicin kowa, ya tura a zauren WhatsApp na gasar kafin haɗuwa ta gaba. A zaɓi mutum mai haƙuri da lissafi wanda ba ya jin nauyin faɗa wa yayansa ko maigidansa cewa lambarsa ba ta yi daidai ba.

Gasar lig kamar adashi take, idan mutum ɗaya ya daina zubi kowa sai ya ji a jikinsa. Don haka a rubuta tun farko abin da za a yi idan ɗan wasa bai zo ba. Abin da aka saba shi ne a rubuta masa matsakaicinsa a cire 10, ta yadda ƙungiyarsa ba za ta rushe ba, kuma ba za ta ci ribar rashinsa ba. Kowace ƙungiya ta yi rajistar mutum ɗaya ko biyu na ko-ta-kwana, saboda biki da rasuwa da tafiya ba sa sallama.

Game da kuɗi, kuɗin da 'yan wasa ke biya duk mako ya tafi ga hayar wuri, da man janareta, da ladan masu jera kwalabe, kuma ma'aji ya karanta abin da ya shiga da abin da ya fita a gaban kowa duk wata. Kyautar zakara kuwa, shawararmu ita ce ta fito daga wani mai ɗaukar nauyi wanda ba ya cikin masu fafatawa, domin malamai da yawa suna ganin cewa idan 'yan takara suka tara kuɗi wanda ya ci ya kwashe, abin ya shiga hukuncin caca, kuma gasar da iyaye ke zargi da caca ba za ta yi tsawon rai a Katsina ba.

Ga wanda zai shiga fage kuma, ya zaɓi ƙwallon da zai iya jefawa wasa uku a jere ba tare da kafaɗarsa ta gaji ba, kuma ƙa'idar da masu koyarwa ke bayarwa ita ce kimanin kashi ɗaya cikin goma na nauyin jikinsa, muddin bai wuce laba 16 ɗin da doka ta iyakance ba. Yawancin 'yan wasa suna yin taku huɗu ko biyar kafin su saki ƙwallo, kuma duk wanda ƙafarsa ta haye layin iyaka, wannan jifa sifili ne ko da ya zubar da goman. Kada a zuba wa kwalabe ido lokacin jifa, a dubi kibiyoyi bakwai da aka zana a kan layi kimanin ƙafa 15 daga iyaka, domin saiti a kan abu na kusa ya fi sauƙi. Mai jifa da dama yana neman ƙwallonsa ya shiga tsakanin kwalba ta 1, wato ta gaba, da ta 3 da ke bayanta ta dama, bahago kuma tsakanin ta 1 da ta 2 da ke bayanta ta hagu, saboda dukan kwalbar gaba a goshi yakan bar kwalabe a warwatse, kuma ɗaya daga cikin mafi wuyarsu shi ne ta 7 da ta 10 su tsaya a kusurwa biyu na sahun baya. A ɗakunan zamani ana shafa wa sashen farko na layi mai, ƙwallo ya zame a kansa sannan ya lanƙwasa inda ya bushe, kuma da yake man yana gushewa yayin da ake ta jifa, wurin tsayuwar da ya yi aiki a wasan farko yakan buƙaci gyara a na uku.

Sitiraik ne ke sa a yi tafi, amma sifeya ce ke cin gasa, kuma lissafi ya tabbatar da haka. Wanda ke zubar da 9 a kowane jifan farko ya kuskure ɗayar da ta rage zai gama da 90. Wanda ke zubar da 9 ɗin nan ya kuma ƙarasa ɗayar a kowane gida zai gama da 190, ba tare da ya yi sitiraik ko ɗaya ba. Saboda haka rabin lokacin atisaye ya tafi ga koyon zubar da kwalbar kusurwa, ta hanyar tsayawa a ɗaya gefen layi a jefo ƙwallon a karkace. Akwai kuma ladabin fage: idan mutum biyu suka tashi lokaci ɗaya a layuka maƙwabta, na dama ne ke fara jifa, ba a yi wa mai shirin jifa magana, kuma ba a taka wurin taku da jiƙaƙƙen takalmi, domin yana iya kayar da wanda ke biye.

A makon ƙarshe, gasa da yawa suna ajiye jadawalin da aka saba, su haɗa ta ɗaya da ta biyu a teburi, ta uku da ta huɗu, ta biyar da ta shida, domin kowace ƙungiya ta kare matsayinta da hannunta. Bayan kofin zakara, a ware kyauta ga wanda ya buga wasa mafi girma, da wanda matsakaicinsa ya fi na kowa ƙaruwa daga farkon kaka zuwa ƙarshenta. Sakatare kuma ya adana littafin maki, domin matsakaicin da kowa ya gama da shi bana da shi za a lissafa masa tallafi a makonni ukun farko na kaka mai zuwa, kafin sabon matsakaicinsa ya tsaya.