Lacca a Argungu: "Give up" ba "ba da sama" ba ne

Assalamu alaikum. Na baya kuna jina? To, madalla. Abu biyu zan faɗa kan abin da Turawa ke kira phrasal verbs, wato aikatau mai jela, wanda ake liƙa wa 'yar ƙaramar kalma irin up, off ko out.

Na farko, kada ku tsorata, mu ma muna da irinsu. Ku ɗauki "ci". Ka ci tuwo, to. Amma ka ci amana fa? Ka ci bashi, ka ci mutuncin wani, ka ci jarrabawa. Wa ya taɓa tauna jarrabawa a nan? Ko "sha": masunci a Matan Fada ranar kamun kifi ya sha ruwa, ya sha rana, ya sha wahala, wani ma ya sha kaye. Yaro ɗan shekara 5 ya san bambancin, ba wanda ya buɗe masa ƙamus. A dunƙule ya ji su, a dunƙule ya riƙe. A dunƙule nake cewa!

To, haka Bature yake yi. Give bayarwa ce, amma give up shi ne ka haƙura, ka daina. Wata ɗalibata ta taɓa rubuta mini "ba da sama". Ban yi mata faɗa ba, ta dai raba abin da ba ya rabuwa. Look after, kula da. Look for, nema. Uwa tana look after jaririnta, lafiya lau. Ranar da ta koma look for, an shiga uku, yaro ya ɓace. Take off kuma, jirgi ya tashi daga Birnin Kebbi, ko kai ka cire hula. Jimla ce za ta gaya maka.

Na uku, a'a, na biyu ko? A irin su pick up, wakilin suna a tsakiya yake zama: pick it up, ba pick up it ba. Masu shirin WAEC da NECO, ku rubuta.

Na'am, 'yata? Ɗaga murya. Tana tambaya kan "off the light" da muke cewa. Kin taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Nan jelar muka riƙe, muka yar da kan. Off ita kaɗai ba ta kashe fitila. Sai kin ce switch off ko turn off. A kasuwa za a gane ki, amma mai duba takardar jarrabawa zai ja miki jan biro. Maimaita mu ji: turn off the light. Yawwa.