Kayan da mahayi yake sawa a gasar dawakin farauta a Amurka

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu kallo, barkanmu da asuba. Ina magana da ku daga ɗakin ajiye sirdi na wata barga da ke bayan garin Leksinton a jihar Kentaki, kuma nan ba da daɗewa ba za a kira lambata in shiga fili a gasar da ake kira ta dawakin farauta. Tun da na nuna muku hoton gasar da ta gabata, mutane da dama suka tambaye ni dalilin da ya sa na yi shiga kamar ma'aikacin banki a kan doki, shi ya sa na baje kayan gaba ɗaya a kan wannan akwati domin in bi su da ku kafin in sa.

Sai an san abin da alƙali yake nema kafin a gane kayan. Wannan gasa ta samo asali ne daga farautar yanyawa da Turawan Ingila suka riƙa yi a da a kan dawaki tare da karnuka, inda mahayi yake wuni yana ƙetare shinge da katanga a cikin gonaki, saboda haka dokin da ake so shi ne mai natsuwa, wanda takunsa ba ya canzawa, wanda kuma yake tsallake shinge ba tare da ya wahalar da mai shi ba. A fili ana jera shinge kamar takwas masu kama da na karkara, a ajina, wato rukunin gasar da nake shiga, tsayinsu ƙafa 3 ne, alƙali kuma yana ba da maki daga cikin 100 bisa kyan tafiyar dokin da kyan tsallensa. Ba a auna gudu da agogo kamar yadda ake yi a gasar tsalle ta zalla. Tunda doki ake kallo, aikin tufafin mahayi shi ne su ɓoye shi, kada wani abu a jikinsa ya ɗauke idon alƙali. Ni da na tashi ina kallon hawan sallah a Katsina, inda mahayi yake cin ado da rawani da alkyabba, dokinsa kuma yana ɗauke da jalala da ɗan kai masu walƙiya, wannan ne abin da ya fi ba ni wuya in karɓa. A gasata ta farko na zo da shimfiɗar sirdi ja mai zaren zinariya a gefe, ina ganin na burge, sai mai koyar da ni ta cire ta ba tare da ta ce uffan ba, ta ɗora wata fara da aka yanka daidai da siffar sirdin, wadda ba a ganin komai nata sai ɗan bakinta.

Ga hular kwano, wadda ita ce kaɗai a cikin kayan nan da ba ta da alaƙa da ado. Dokar hukumar wasannin dawaki ta Amurka, wato USEF, wadda hedikwatarta take a nan Leksinton, ta wajabta hula mai shaidar gwaji, irin tambarin ASTM da SEI, ƙungiyoyin da suke tabbatar da ingancin kayan kariya, da kuke gani a cikin wannan, kuma dole igiyar haɓa ta kasance a ɗaure muddin mutum yana kan doki. Ana son baƙa ko shuɗiya mai duhu, marar ƙyalli. Kamfanoni irin su Charles Owen da Samshield da GPA duk suna yin ta, amma sunan kamfani ba shi ne abin dubawa ba, domin kawunan mutane sun bambanta, wani zagayayye, wani mai tsawo, kuma hular da ta dace ita ce wadda idan ka girgiza kai ba ta motsi, ba ta kuma matse maka goshi. Shawarata ita ce kada a sayi wannan a gwanjo ko da an ba da ita a araha, saboda hular da aka taɓa faɗuwa da ita tana iya lalacewa daga ciki alhali bayanta yana nan sumul. Mata manya suna tattara gashinsu a cikin raga mai launin gashin, su cusa shi ƙarƙashin hular, don haka ya kamata mace ta gwada hula da gashinta a yadda za ta shiga fili, ba a sake ba.

Wannan kuma ita ce kwat. Tawa shuɗiya ce mai duhu, wadda ita ce aka fi gani, amma baƙa da toka-toka da kore mai duhu da ruwan ƙasa duk sun halatta. A da da ulu ake ɗinka ta, mutum ya yi ta zufa, yanzu kuwa yawancinsu na yadi ne mai miƙewa da ake iya wankewa a inji. Abin lura shi ne tsayinta da kafaɗunta: idan ka zauna a sirdi kada gindinta ya shige ƙarƙashinka, idan kuma ka miƙa hannu gaba lokacin tsalle kada ta ɗaure ka. A ƙarƙashinta namiji yana sa farar riga mai kwala da nektayi marar hayaniya, mace kuma tana sa riga mai tsayayyar wuya da take rufe maƙogwaro. Idan zafi ya yi tsanani, kamar yadda yake yi a nan a watan Yuli, masu shirya gasa suna iya sanar da cewa an yafe kwat, amma ko a lokacin rigar sai ta kasance mai hannu, a cusa ta cikin wando, a ɗaura bel.

Wandon ruwan ƙasa ne mai haske, mai faci a cikin gwiwa, kuma gaskiya yana kama jiki fiye da yadda Bahaushe ya saba, har na yi makonni ina jin kunyar fitowa daga mota da shi. Daga baya na gane cewa duk wani ninki na yadi tsakanin gwiwa da sirdi yana zama gyambo bayan sa'a guda, kuma kwat ɗin tana rufe abin da ya kamata ta rufe. Safar hannu baƙa ce, domin baƙin hannu ba ya nuna motsi a kan wuyan doki.

Takalmi ne wurin da nake so in daɗe, domin shi ne ya fi cin kuɗi a cikin kayan da mahayi yake sawa, shi ne kuma ya fi azabtar da sabon shiga. Ana sa dogon baƙin takalmin fata da yake kaiwa bayan gwiwa, mai ɗan igiya a saman ƙafa wadda take ba idon sawu damar lanƙwasawa idan an sauke dunduniya a likkafa. Ana sayensa ya ɗan fi tsayin ƙafa, saboda fatar tana sauka idan ta yi laushi a idon sawu, kuma kafin ta sauka tana cin bayan gwiwa kamar wuƙa. Na yi kuskuren shiga gasa da sabon takalmi kwana biyu da saye, na gama zagayen ina ɗingishi, safata ta manne da jini. Tun daga ranar nake gaya wa kowa ya yi makonni yana hawa da shi a gida kafin ya kai shi fili. Jiya da dare na goge wannan har sau biyu, kuma akwai tsumma a aljihun wanda zai raka ni, domin a bakin fili, bayan na hau, zai sake share ƙurar takalmin da bakin dokin. Kaimi idan za a sa, ƙarami ne marar ƙaya, bulala kuma gajera ce baƙa wadda ba ta wuce inci 30 ba.

Waɗannan ƙananan kayan na 'yata ne mai shekara 8, wadda take hawan ƙaramin doki. Yara ba sa sa dogon takalmi, tunda ƙafarsu tana girma kowace shekara, sai gajeren takalmi da dogon wando mai suna jodfur, sunan da ya samo daga birnin Jodfur na Indiya, tare da siririyar fata da ake ɗaurawa ƙarƙashin gwiwa don kada wandon ya murɗe. 'Yan mata ƙanana suna sakin kitso biyu a baya da ribon a ƙarshensa, kuma wannan ne kaɗai wurin da aka bar launi ya yi yadda yake so. Mahaifiyarta ta yi mata kalaba biyu jiya, ba mu sha wahalar wannan ba ko kaɗan.

Akwai shigar da ba ni da ita, wadda ake yi a manyan zagaye na musamman a wurare irin su Welinton ta Fulorida, ko gasar Debon ta Fensilbeniya da aka fara a 1896, ko ta Afabil a Bajiniya da ta faro tun 1853. A nan mata suna sa baƙar kwat mai dogayen jela biyu da ake kira shadbeli, tare da farin ƙyalle da ake naɗawa a wuya a soke shi da allurar zinariya a kwance. Ƙyallen nan ragowar farauta ne, domin a daji ana iya kwance shi a ɗaure rauni, na mutum ko na doki.

Ku zo ku ga dokin, domin shi ma an yi masa nasa shirin. Mai kitson dawaki ta zo tun tsakar dare, ta kitse gezarsa ƙanana-ƙanana da zare mai launin gashinsa, guda talatin da wani abu, duk a gefen dama, domin layin wuyansa ya fito. Linzaminsa na fata ne ruwan ƙasa marar ado, kuma ba a yarda a sa masa kariyar ƙafa a cikin fili ba, saboda alƙali yana so ya ga ƙafafun yadda Allah ya yi su. Saura lambata, wadda ake ɗaurawa a baya da siririn zare baƙi, a zagayo da shi a ɗaure ta cikin ramin maɓallin kwat, a ɓoye bakinsa. Na ji an fara kiran ajin da ke gabanmu, don haka bari in miƙa wa 'yata wayar ta riƙe, in sa takalmin nan tun ƙafata ba ta kumbura ba.